Tattakin Santiago a ƙafa, inda aka kwana

23 ga Agusta

To jama'a hutun aiki ya fito, tikitin jirgin ƙasa ma yana hannu, saura haɗa kaya. Ga wanda bai san zancen ba, wata tsohuwar hanyar masu ziyara ce a arewacin Sifaniya, Camino de Santiago, fiye da shekara dubu kenan Kiristoci na binta a ƙafa zuwa garin Santiago de Compostela inda suka yi imani an binne Yaƙub, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS). Hanyoyin suna da yawa, akwai wadda ta taso daga Fotugal akwai ta bakin teku, ni dai Camino Francés zan bi, daga wani ɗan gari a Faransa mai suna Saint-Jean-Pied-de-Port, kusan kilomita 780 zuwa ƙarshe.

Tun kafin a tambaya, don a gida an riga an fara, ba ibada zanje yi ba kuma ban canza komai ba. Tafiya nake so da tarihi. Yayata ce ma ta kira ni take cewa wai kai yanzu duk motocin Turai sun ƙare ne, nace Yaya ki dai sa mu a addu'a.

Maganar kaya ita ce babba. Duk wanda ya taɓa yin tafiyar abu ɗaya zai gaya maka, kar jakarka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, in kana kilo 70 to jaka kilo 7, kuma ka tuna ruwa lita ɗaya ma kilo ɗaya ne. Riga biyu, wando biyu, safa ƙafa uku masu kyau, rigar ruwa, ƙaramin tawul mai saurin bushewa, silifas, hula mai baki, jakar barci mara nauyi, sabulu ɗaya da zaiyi wanka yayi wanki, caja, basilin, filasta. Darduma na samo irin ta aljihu mai laushin leda. Takalmi kuwa tun watan jiya nake zuwa aiki dashi don ya saba da ƙafa, kuma na ƙara lamba ɗaya akan wanda na saba sawa saboda ƙafa kumbura take in an daɗe ana takata.

3 ga Satumba, Saint-Jean

Garin ƙarami ne, titi ɗaya mai gangara da dutse a shimfiɗe, ofishin masu tattaki yana can sama. Nan ake karɓar credencial, wani kati ne mai ninki-ninki da za a dinga buga maka hatimi duk inda ka kwana, in baka dashi baza a baka gado a masaukin masu tafiya ba, yuro biyu na biya. Tsofaffi ne 'yan sa kai a zaune, suka bani takarda mai jerin masaukai da wata mai zanen hawa da gangaren kowace rana, kuma a wajensu ake jin ko yanayin dutse ya yarda a hau gobe. Hanyar saman dutsen rufeta ake daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Maris saboda ƙanƙara ta sha cin mutane, lokacin sai dai a bi ta kwari, ta Valcarlos.

Akwai sikeli a rataye a ofishin. Wani saurayi a gabana ya rataya jakarsa ta nuna 14, tsohuwar dake wajen batace komai ba kallonsa kawai tayi.

4 ga Satumba, Roncesvalles

Wallahi wannan ranar ba wasa bace. Kilomita 25 ne amma kusan 20 daga ciki hawa ne, daga kamar mita 200 zuwa sama da 1,400, ka tsallaka duwatsun Pyrenees daga Faransa ka faɗa Sifaniya ba shinge ba ɗan sanda. Kilomita takwas ɗin farko zuwa Orisson su suka fi tsaye, daga nan sai fili ya buɗe, tumaki da dawakai da ƙararrawa a wuya suna kiwo ba makiyayi, hazo yana zuwa yana wucewa. Abin da na lura dashi, waɗanda suka wuce ni da gudu da sassafe yawancinsu na same su a zaune bakin hanya sun cire takalmi. Tsofaffin nan masu sanda bibbiyu da suke taku ƙanana-ƙanana kuwa basa tsayawa, a hankali suke cinye dutsen. Gangarowa ta fi cin gwiwa, cikin daji ce mai santsi, wanda gwiwarsa bata da lafiya ya bi ta dama, ta Ibañeta, ta ɗan fi tsawo amma ta fi sauƙi.

A wannan mashigar ne a shekarar 778 aka far wa bayan rundunar Sharlaman, sarkin Faransawa na lokacin. Ya shigo ne bisa gayyatar wasu gwamnonin Musulmi da ke rigima da sarkin Kurɗuba, Zaragoza ta ƙi buɗe masa ƙofa, a hanyar komawa ya rushe ganuwar Pamplona, sai mutanen Basque suka tare shi a nan suka rama. Daga baya mawaƙa suka juya labarin suka ɗora wa Musulmi.

Masaukin, albergue suke ce masa, sak ɗakin kwanan makarantar kwana ne, gado mai hawa biyu, takalmi a ajiye a ƙofa, ƙarfe 10 a kashe wuta a kulle ƙofa, kafin 8 na safe kowa ya fita, kuma dare ɗaya kawai ake yi. A bakin titi akwai allo an rubuta Santiago 790, kowa sai ya tsaya hoto.

7 ga Satumba, Puente la Reina

Na wuce Zubiri da Pamplona. Ɓata hanya da wuya, ko'ina akwai kibiya ruwan ɗorawa, a bango, a jikin bishiya, a kan dutse, a gindin falwaya. Wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, shi ya fara bi yana zana su da fenti wajen 1984 lokacin da hanyar ta kusa mutuwa. Yanzu kuwa a 2024 kusan mutum dubu 500 suka karɓi takardar kammalawa a Santiago.

Yau aka hau Alto del Perdón, tudu ne mai injinan iska masu bada wuta jere a kansa, hawan ba laifi amma gangaren duk duwatsu ne mulmulallu masu gudu a ƙarƙashin ƙafa, nan na ga amfanin sanda.

Gargaɗi, yau Lahadi kuma ranar Lahadi shaguna a rufe suke, a ƙauyuka ma ko ranar aiki daga wajen 2 zuwa 5 na yamma ba mai buɗe maka. Ka sayi burodi da ayaba da gyaɗa tun jiya. Ni dabino ne ya riƙe ni.

Maganar salla, tunda an tambaya. Agogon Sifaniya yana gaba da ranarta, lokacinsu ɗaya da Jamus alhali suna can yamma, shi yasa azahar bata shiga sai bayan ƙarfe 2. Hakan ya min daidai, na iso masauki wajen ɗaya da rabi, wanka, in wanke kayan da na cire in shanya, sannan inyi azahar da la'asar ƙasaru. Magariba wajen 8 da rabi, lisha kuwa tana kaiwa lokacin kashe wuta don haka haɗawa nake. Asuba ce mai ɗan wahala, kowa na barci ko yana ƙwaraf-ƙwaraf da leda a duhu, sai in fita wajen shanya ko kicin. Alƙibla ba wuya, tafiyar yamma ake, alƙibla tana bayanka ta ɗan karkata kudu. Har yanzu ba wanda ya min kallon banza, wata baiwar Allah ma ta shigo kicin ta ganni a sujada ta koma da baya a hankali ta tsaya sai da na sallame.

9 ga Satumba, Los Arcos

Bayan Estella kaɗan akwai Irache, wajen da kamfanin giya ya sa famfo biyu a bango, ɗaya giya ɗaya ruwa, kyauta. Layi ake a na giyar tun 8 na safe. Na cika gorata a na ruwa ba layi ba komai.

Daga Villamayor de Monjardín zuwa nan kusan kilomita 12 ne ba ƙauye, ba inuwar kirki, gonaki kawai. Duk famfon da ka gani ka cika ko da kana ganin da saura, amma ka duba rubutu, in an sa no potable ba na sha bane.

Bororo ya fito min a ɗan ƙaramin yatsan hagu. To bari in tsaya a nan don wannan shi ne ciwon hanyar, da yamma a tsakar masauki kowa ƙafarsa ce a hannunsa. Abu uku ke kawo shi, guga da zafi da gumi, don haka da safe in shafe ƙafa da basilin har tsakanin yatsu, duk bayan kamar awa biyu in zauna in cire takalmi da safa ƙafa ta sha iska, in safar ta jiƙe in canza in maƙale jiƙaƙƙiyar a bayan jaka da fil ta bushe. Da ka ji wani waje ya fara ɗumi ka tsaya nan take ka manna filasta, kar kace bari in kai ƙauye na gaba, kafin ka kai ya tara ruwa. Akwai masu soka allura da zare su bar zaren a ciki wai ruwan ya dinga bi yana fita, ni ban yarda da wannan ba, zare a cikin ciwo cikin takalmi mai gumi hanyar ƙwayar cuta ce kawai. In ƙarami ne a rufe shi a barshi, in babba ne yana hana taku a tsaftace allura a huda gefe a matse a sa maganin kashe ƙwayar cuta, fatar kuma kar a ɓare. Alwala kuwa shafa nake akan filastar. Masu kemis na garuruwan hanyar sun ga ƙafa iri-iri, ka nuna musu kawai ko baka jin yaren.

12 ga Satumba, Logroño

Na huta yau saboda Juma'a. Garin akwai 'yan Pakistan da 'yan Maroko da yawa, na samu masallaci na samu shinkafa da nama mai zafi, Alhamdulillah, don rabona da nama tun Pamplona.

Abinci shi ne inda Musulmi zai buɗe ido. Alade yana cikin komai, kuma abin haushin in kace baka cin nama sai a kawo maka abu da jamón, busasshen naman alade, a sama, a wajensu kamar ba nama bane. Miyar wake ko ta lentejas da kake gani salun-alun akwai chorizo, shi ma naman alade ne, a ƙasanta, wasu biskit da kek ma da kitsen alade ake yi, manteca de cerdo zaka gani a jikin leda. Kalma biyu ka haddace, sin cerdo, wato ba alade. Abin da ke cetona tortilla ce, wainar ƙwai da dankali da ake samu a kowane shagon shayi, sai burodi da kifin gwangwani, sai taliya in masaukin na da kicin. Abincin dare na masu tattaki yuro 12 zuwa 15 nake gani, kala biyu da kayan zaƙi da giya a ciki, kace a baka ruwa, kuɗin dai baya raguwa.

A jikin cocin Santiago na garin nan akwai ƙaton gunki, mutum akan doki da takobi da kawunan mutane a ƙarƙashin kofato. Santiago Matamoros kenan, wato Yaƙub ɗin nan a matsayin mai kashe Musulmin Andalus, wai ya bayyana a yaƙin Clavijo nan kusa a shekarar 844, yaƙin da masana tarihi suka ce ƙirƙirarsa aka yi daga baya. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, gaskiya ba daɗi. Amma labarin ba gefe ɗaya bane, a 997 Almansur, mai riƙe da mulkin Musulmin Andalus a lokacin, ya taso daga Kurɗuba ya ƙone garin Santiago, ya sa fursunoni suka ɗauko ƙararrawar cocin a kafaɗa har Kurɗuba, sai dai kabarin bai bari an taɓa ba. Da Kiristoci suka ci Kurɗuba a 1236 suka sa fursunonin Musulmi suka maida ƙararrawar. Wani ɗan Italiya da muke yawan haɗuwa a hanya ya same ni a wajen, ya ɗaga kai ya kalli gunkin ya kalle ni, sai cewa yayi muje in saya maka kofi.

15 ga Satumba, Grañón

Jiya Santo Domingo de la Calzada, inda suke ajiye zakara da kaza farare masu rai a cikin babban coci saboda wani tsohon labari na saurayin da aka rataye bisa ƙazafi da kajin da suka tashi daga faranti. Gonakin inabi sun fara ƙarewa, an shiga na alkama.

Yau da gangan na taƙaita tafiya don in kwana a nan, kuma duk mai zuwa ina bashi shawara yayi hakan. Masaukin a jikin cocin ƙauyen yake, ba gado, katifu ne sirara a ƙasa, ba farashi, akwati ne a buɗe ka saka abin da kake iyawa, abin da na yau suka saka shi za a dafa wa na gobe. Irin waɗannan donativo suke ce musu, kuma don Allah ba kyauta ake nufi ba, na ga masu waya mai tsada suna jefa kwabbai biyu suna wucewa, abin ya min ciwo. Tare aka yi girki tare aka ci, da nace bana cin alade mai kula da wajen ya sa aka raba tukunya biyu ba wani dogon zance.

Abin toshe kunne, a saya. Munshari a ɗaki mai mutum talatin ba magana.

19 ga Satumba, Burgos

Montes de Oca daji ne mai tsawo, ka fita da ruwa. Atapuerca kuma nan ne aka tono ƙasusuwan mutanen da suka haura shekara dubu 800. Shiga Burgos akwai hanya biyu, ɗaya ta unguwar masana'antu kwalta zalla, ɗaya ta bakin kogi, a nemi ta kogin, kwalta ta fi tsakuwa gajiyar da tafin ƙafa. Cocin garin an fara gininsa a 1221, El Cid, wani shahararren mayaƙinsu na da, yana binne a ciki, da katinka ana rage maka kuɗin shiga.

Kuɗin cizo ya ci wata yarinya a wani masauki da muka kwana a baya, bazan faɗi wanne ba don yau yana nan gobe yana can, a jakar mutane yake yawo. Duk inda ka isa ka ɗaga gefen katifa ka duba ɗinkin, in ka ga ɗigo-ɗigo baƙi ka faɗa wa mai wajen, kuma kar ka taɓa ɗora jaka akan gado. Ita dai kayanta duka aka zuba a injin busarwa mai zafi.

Saurayin nan mai kilo 14 mun sake haɗuwa, ya je gidan waya ya tura rabin kayansa Santiago su jira shi. Akwai kuma masu bada jaka a kai musu masaukin gaba a mota kullum akan 'yan yuro kaɗan, wasu na musu kallon raini, ni ban ga laifi ba, wata dattijuwa 'yar Koriya da ta girmi mahaifiyata haka take yi kuma kullum sai ta riga ni isa.

23 ga Satumba, Carrión de los Condes

Meseta. Daga Burgos zuwa León kusan kilomita 180 na fili, tudu ne shimfiɗaɗɗe mai tsayin mita 800 zuwa 900, an girbe alkama sai kara, sama da ƙasa kawai. Da yawa suna hawa bas su tsallake wai ba abin kallo, ni kuwa nan ne tafiyar ta fara min daɗi, jiki ya saba, jakar ta daina magana, ƙauye kamar Hontanas baka ganinsa sam sai ka zo bakinsa ka ganshi a cikin kwari. Da safe sanyi har hannu na ƙanƙarewa, da rana kuma zafi, kuma tunda yamma ake nufa kullum ranar a hagunka take, hannun hagu da gefen wuya su ke ƙonewa, baƙar fata ma tana ji wallahi, a shafa mai.

A filin nan ne nake ta tuna alhazanmu na da, masu tafiya Makka a ƙasa. Daga Kano ko Sakkwato a bi ta Barno, a shiga Chadi ta Abeche, a faɗa Darfur, El Fasher, El Obeid, har bakin Bahar Maliya a Suwakin, ba kibiya a bango ba gado a jere, guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko aikin auduga a Jazira shekara ɗaya biyu a tara a ƙara gaba, wasu da mata da yara, wasu basu kai ba wasu basu dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau, garin Mai Wurno ma ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Ni da kullum akwai ruwan zafi da kofi a gabana sai naji kunyar cewa na gaji.

Gobe akwai kilomita 17 daga nan zuwa Calzadilla de la Cueza ba gari a tsakani, ita ce tazara mafi tsawo a hanyar. Lita biyu zan ɗauka in fita da tocila bayan asuba.

25 ga Satumba, Sahagún

An wuce ta lafiya, miƙaƙƙiya ce kawai, hankali take gajiyarwa ba ƙafa ba. Nan ake ɗauka a matsayin tsakiyar hanya har takardar shaida suke bayarwa. Cocinan garin irin San Tirso da jan bulo aka yi su, salon magina Musulmi da suka zauna ƙarƙashin mulkin Kiristoci, kana ganin bakan ƙofofin zaka gane hannun.

Bororon ya warke ya zama kanta, amma agarar dama ta fara ja tun Frómista, musamman da safe. Na sassauta igiyar takalmi ta sama, ina sa ƙanƙara da yamma, na kuma rage tafiyar zuwa ƙasa da kilomita 20 har in kai León, can zan huta in sayi riga mai kauri don gaba akwai tudun Cruz de Ferro mai tsayin mita 1,500, sai O Cebreiro da ruwan saman Galicia. Daga Sarria kuma hatimi biyu ake so kullum, a kilomita 100 na ƙarshen nan, kafin a bada takardar kammalawa, kuma nan ne taro ke ƙaruwa, sai na fara kama gado tun da wuri ta waya.

Gobe hanya ta rabu biyu a Calzada del Coto, akwai tsohuwar hanyar Rumawa mai duwatsu da ƙarancin ruwa, akwai ta Bercianos mai bin gefen titi da bishiyoyi a jere. Da ƙafar lafiya take da ta Rumawa zan bi, amma yadda agarar nan take yi ta Bercianos ce, in kwana El Burgo Ranero in sha Allah.